Yadda ake tuƙa kwale-kwale a kogi mai gangara kan duwatsu

Masu wasan ruwa sun kasa koguna mataki 6 gwargwadon haɗarinsu. Na 1 ruwa ne mai tafiya salin-alin, na 6 kuwa ko gwanaye ba kasafai suke kusantarsa ba. Namu a nan shi ne na 2: ruwa na gangarowa kan duwatsu yana kumfa, amma hanya a buɗe take, daga cikin jirgi ma kana hango ta. Kogin Ardesh da ke kudancin Faransa ya yi suna wajen irin wannan tuƙi. Daga Vallon-Pont-d'Arc zuwa Saint-Martin tafiyar kilomita 32 ce a cikin kwazazzabo, wanda hukuma ta killace tun 1980. Wasu kan gama a yini guda, wasu su kwana a zangon Gaud ko Gournier. Sabon shiga gara ya fara da gajeriyar tafiya ta kimanin kilomita 8.

Da farko ka tambayi halin da ruwa yake ciki a ranar. Ardesh kogi ne mai cika farat ɗaya idan aka tafka ruwan sama a tsaunukan Cévennes, musamman da kaka, shi ya sa ake auna shi da launin kore, ruwan lemo da ja. Kore ne kaɗai naka. Ko a wane kogi kake, in ka ga ruwa ya yi ja yana ɗauke da itatuwa, ka bari sai wani jiƙon. Dokar Ardesh ta ce sai wanda ya iya iyo na mita 25, kuma ba a ɗaukar yaron da bai kai shekara 7 ba. Kada kuma ka fita kai kaɗai.

Sai shiri. Rigar ruwa mai hana nutsewa wajibi ce, kuma a ɗaure ta tamau: ka sa abokin tafiyarka ya kama kafaɗunta ya ja sama, in ta haura kunnuwanka to ba ta ɗauru ba. Mu da muka sha jin labarin kifewar jirage a Kogin Kwara mun san rayukan da rashin wannan riga ke ci. Ka sa takalmi mai igiya, domin silifas ruwa zai tafi da shi tun a gangarar farko. Waya, abinci da busassun tufafi su shiga durom ɗin roba mai murfi, a ɗaure shi a jikin jirgi.

In ku biyu ne, wanda ya fi nauyi ko ƙwarewa ya zauna a baya, shi ke juya akalar jirgi. Na gaba shi ne ido, shi zai riƙa cewa "dutse a dama!" da ƙarfi kuma da wuri. Ka zauna a miƙe, ƙafafu a dafe. Don gane faɗin riƙo, ɗora filafili a kanka, ka matsar da hannuwa har gwiwoyin hannu su yi kusurwa daidai. Tsoma bakinsa kusa da yatsun ƙafarka, ja zuwa ƙugu, fitar. Da gangar jiki ake ja. Mai dogara da damtse kafin azahar ya gaji. Tuƙi a dama na karkata jirgi hagu, a hagu kuma dama. Ku gwada wannan a kwantaccen ruwa har ya zauna.

Yanzu ga inda aikin yake, wato karatun ruwa. A ganina wanda ya iya wannan ya fi ƙaƙƙarfan da bai iya ba nesa ba kusa ba. Kafin kowace gangara ka rage gudu ka duba. Za ka ga santsin ruwa mai duhu ya shiga tsakanin kumfa biyu da siffar harafin V, tsininsa na kallon inda ruwa ya nufa. Nan ce ƙofa, nan ruwa ya fi zurfi. In kuwa tsinin V ɗin kai yake kallo, dutse ne a bakinsa, ruwa ya rabu a kansa. Haka ma ɗan tudun ruwa mai sheƙi da kumfa a bayansa, dutse ne a ɓoye. A kwana, ruwa ya fi ƙarfi ta waje, can yake jefa jirgi jikin gaɓa ko ƙarƙashin rassa, don haka ka fara karkata ciki tun da sauran tazara. Bishiyar da ta faɗo cikin kogi ka yi nesa da ita, domin ruwa na ratsa rassanta ya wuce, mutum kuwa maƙalewa yake yi. In ba ka hango ƙarshen gangara ba, fito gaɓa ka taka ka duba. A Ardesh, gangarar Charlemagne da ke gab da Pont d'Arc, dutsen nan mai ƙofa da ya kai mita 54 a tsayi, ta cancanci a tsaya a kalli yadda na gaba suka bi.

Da ka zaɓi ƙofa, daidaita hancin jirgi ka shiga kana tuƙi. Sababbi kan ɗaga filafili sama su ƙame da zarar igiyar ruwa ta fantsamo musu, a nan suke kifewa. Jirgi kamar keke yake, sai yana tafiya yake jin juyi. Ka kafa ido inda kake son bi, domin mai kallon dutse dutsen yake dosa.

In jirgi ya gitta ya jingina da dutse, jikinka zai so ya kauce masa. Kada ka biye masa. Ka karkata wajen dutsen, ka dafa shi ma in ta kama. Hakan na ɗaga gefen da ruwa ke duka, ruwan ya bi ta ƙasa. In ka karkata wajen da ruwa ke fitowa, nan take zai hau gefen ya cika jirgin.

Bayan kowane babban dutse akwai ruwa mai juyowa baya a hankali. Nan ake hutawa a jira 'yan baya. Ka shige shi a karkace da ɗan gudu, kana jingina cikin kwanar.

To, in an kife fa? Kada ka yi yunƙurin miƙewa tsaye cikin ruwa mai gudu, ko da iya ƙugu ne. Ƙafa na iya shigewa tsakanin duwatsu, ruwa ya danne mutum ta fuska. Kwanta rigingine, ƙafafu a gaba, yatsu a saman ruwa, ka riƙa tokare duwatsu da tafin ƙafa. Jirgin ya kasance a gabanka, kada ka shiga tsakaninsa da dutse, domin cike da ruwa nauyinsa ya wuce misali. In riƙe filafili zai hana ka iyo, sake shi. Sai ruwa ya lafa, ko ya koma ƙasa da gwiwa, sannan ka miƙe. Ku fara ƙirga mutane kafin kaya, sa'annan ku ja jirgin gaɓa, ku kifa shi ruwan ya tsiyaye, ku duba ɗaurin rigunanku kafin ku sake hawa.