Shin Duba Littafi a Darar Turawa ta Wasiƙa Ha'inci Ne?

Wani mai sauraronmu daga Damagaram, wanda ke buga darar Turawa, wato shaɗaranji, ta intanet, inda ake ba mutum kwana uku kafin ya motsa ɗa guda, ya tambaya ko duba littafin buɗe wasa ha'inci ne.

To, Malam, tun zamanin da ake aika motsi a katin gidan waya, ma'abota wannan fanni sun halatta nazarin littattafai, kuma har yau shafukan Chess.com da Lichess sun yarda da shi a wasan kwanaki, illa dai sun haramta neman shawarar injin kwamfuta. Ita kuwa hukumar darar wasiƙa ta duniya, ICCF, da aka kafa a 1951, har injin ta ƙyale.

Amma fa, wanda ya kwafo motsi goma sha biyu na buɗin Ruy Lopez, mai sunan limamin Kiristan nan na Sifen da ya yi sharhinsa a 1561, alhali bai fahimci dalilin kai giwa ta takura wa doki ba, ranar da abokin karawa ya kauce wa littafi sai ya tsaya sororo. Don haka ka riƙe buɗi ɗaya, ka san hikimar kowane motsinsa.