Kafin ka zuba dakin, tambayi wanda ya yi lissafi

A bara wani Alhaji ya kira ni in duba masa bene mai hawa biyu da yake ginawa a bayan gari. Na isa da hantsi, na tarar kafintoci sun gama kafa katako, 'yan rodi suna ɗaure na ƙarshe, tifa biyu ta sauke tsakuwa, washegari za a zuba dakin. Na hau na duba ginshiƙai. A takarda an rubuta rodi mai kaurin milimita 16, a ƙasa kuwa mai 12 aka ɗaura. Na ce, "Alhaji, wa ya sauya wannan?" Ya yi dariya ya ce, "Injiniya, ai bambancin 4 ne kawai, kuma mai aikin ya ce sun yi goma irinsa."

Ba 4 ba ne. Idan ka yanka rodin ka auna fuskarsa, mai 16 yana da murabba'in milimita kusan 201, mai 12 kuwa 113. Wato kusan rabin ƙarfen ya tafi. Ga shi kuma filin tsohon kududdufi ne da aka cike da shara da ɓaraguzai, ba wanda ya gwada ƙasar. Na ce ba zan sa hannu ba sai an kwance. Ranar mun rabu ba daɗi.

Duk sa'ad da irin wannan ta same ni, sai in tuna tarihin wani kamfani da muke yawan ambata a sana'armu, wato Arup. Wanda ya kafa shi, Ove Arup, ɗan asalin Denmark ne da aka haifa a Newcastle ta Ingila a 1895, ya buɗe kamfanin a Landan a 1946. Aikin da ya fito da sunansu duniya shi ne babban zauren kiɗa da wasanni na birnin Sidni a Ostireliya, mai rufi kamar filafilan jirgin ruwa. Mai zane Jørn Utzon ya ci gasar zanen a 1957, amma a lokacin ba wanda ya san yadda za a tsayar da wannan rufi. Gwamnati ta matsa aka fara gini a 1959 tun lissafi bai kammala ba. Me ya biyo baya? Ginshiƙan da aka riga aka zuba suka zama ba za su ɗauki rufin ba, sai da aka sake su. Injiniyoyi suka shafe shekaru suna lissafi, har da kwamfutocin farko-farko, kafin a daidaita kan a fitar da kowane ɓangare na rufin daga siffar ƙwallo guda. Ba a buɗe ginin ba sai 1973, kuɗin da aka ƙiyasta dala miliyan 7 ta Ostireliya ya kai miliyan 102. Gaggawar mai gini dai halinta ɗaya, ko a Sidni ko a unguwar Rijiyar Zaki.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne jawabin da Arup ya yi wa abokan aikinsa a 1970, yana da shekara 75, wanda har yau ake ba sabon ma'aikaci ya karanta. Ya jera manufofin kamfanin: ingancin aiki a gaba, sai zaman mai zane da injiniya a tabarma ɗaya tun daga ranar farko, mutunta ma'aikaci, gaskiya a mu'amala, da aikin da zai amfani jama'a. Samun abin rufin asiri ya zo a ƙarshe, bai ce a ƙi kuɗi ba, ya dai ajiye su a inda ya dace. Kamfanin kuma ba na masu hannun jari na waje ba ne, amana ce da ake riƙe wa ma'aikatansa. A ganina wannan tsari ne ke ba injiniya bakin cewa a'a, domin babu wani mai jari a bayansa da zai ce ya kori ciniki.

Mu ma nan muna da misali, mai ɗaci. Benen nan mai hawa 21 da ya rufta a Ikoyi ta Legas ranar 1 ga Nuwamba 2021 ya kashe mutum fiye da 40. Bayan faruwar abin jaridu suka buga wasiƙar da injiniyoyin da suka fara kula da ginin suka rubuta tun farkon 2020, suna janye hannunsu daga aikin. Sun tafi, gini ya ci gaba da hawa.

Saboda haka idan za ka ɗauki kamfani, kada hoton gine-ginen da ke rataye a ofishinsu ya ishe ka. Tambaye su sunan injiniyan da zai yi lissafin, da lambar rajistarsa ta hukumar injiniyoyi, wato COREN, ka kuma ga hatiminsa a kan zanen ƙarfe, wanda daban yake da zanen ɗakuna. Mutanenmu da yawa zanen ɗakuna kaɗai suke karɓa, su miƙa wa birkila sauran. Birkila gwani ne a nasa fannin, ina girmama su, amma ido ba mudu ba ne, nauyin bene lissafa shi ake yi. Ka kuma tambaya ko zai zo da ƙafarsa ya duba rodi kafin kankare ya rufe shi, don bayan an zuba ba mai sake ganinsa. In an zuba, a yi ta ban ruwa aƙalla mako guda, kada a yi saurin cire katako: sai kankare ya kwana 28 muke auna cikakken ƙarfinsa.

Alhajin nan ya kira ni bayan kwana uku, aka kwance, aka sayo mai 16, aka gwada ƙasa, aka faɗaɗa harsashi. Kai da ke da gini a hannu yanzu, don Allah ka ɗauko zanenka yau ka duba ko akwai hatimin injiniya a kai. In babu, a dakata da zuba dakin.