Amsoshin Tambayoyinku: 'Ya'yan Furen Kallon-Rana

Wani mai sauraronmu na son sanin ko 'ya'yan furen kallon-rana, da aka fi nomawa a Rasha da Yukren, suna da amfani ga jiki. To, Malam, suna da shi. Kusan rabin nauyinsu mai ne, irin wanda ba ya daskarewa, mai rage mugun kitsen jini idan ya maye gurbin kitsen dabba. Giram 30 na ba da kusan rabin bitamin E da babba ke buƙata a yini. Wani zai ce maiƙo na sa ƙiba. Haka ne, giram 100 na ɗauke da kalori kusan 580, kwatankwacin gyaɗa, amma laifin na yawan ci ne. Cikin tafin hannu ya wadatar, mai hawan jini kuma ya guji masu gishiri.