Gamin Sikandiyam da Beriliyam da Jan Ƙarfe a Ma'aunin Ƙirar Hausa

Gabatarwa

Bahaushe ya daɗe da sanin gamin ƙarafa. A 1353 Ibn Battuta ya tarar da jan ƙarfen Takedda ana fataucinsa zuwa Gobir da Barno, kuma har yau maƙeran fari na ƙasar Katsina suna aiki da tagulla da darma da sanholama. Maƙalar ta duba ko kalmar gami ta wadatar wajen bayyana haɗin sikandiyam da beriliyam da jan ƙarfe.

Siffofi da Amfani

An gano beriliyam a Faransa a 1798, sikandiyam kuwa a Suwidin a 1879. Duk marasa nauyi ne: inda jan ƙarfe ya ninka ruwa nauyi kusan sau 9, sikandiyam sau 3 ne, beriliyam kuwa bai kai sau 2 ba. Jan ƙarfen da aka sa wa beriliyam kimanin kashi 2 cikin 100 yakan yi tauri, bai cika tartsatsi ba, shi ya sa ake ƙera kayan aikin matatun mai da mahaɗan lantarki da shi. Sikandiyam kaɗan yana ƙarfafa sanholamar jiragen sama da kekuna.

Matsalar Suna

A gamin da maƙeri ya sani, kamar tagulla, ana iya ƙara tutiya ko rage ta. A wannan haɗi kuwa, ƙwayoyin ƙarafan suna jeruwa bisa ƙayyadajjen adadi da tsari, abin da ke ba shi tauri da jure zafi, amma ya sa shi saurin tsagewa a kan uwar maƙera. Don haka tsararren gami ya fi dacewa da shi.

Kammalawa

Batun ya wuce na ƙamus. Ƙura da hayaƙin beriliyam suna haddasa ciwon huhu marar warkewa, ga shi gaminsa da jan ƙarfe, wanda ido kan ɗauka tagulla ce, yana cikin tarkacen na'urorin da 'yan gwangwan ke sayarwa. Maƙerin da ba shi da sunan abu a harshensa, da wuya a gargaɗe shi a kansa. Samar da sunan aikin masana Hausa ne.