Zaɓen Garin Zama: Awon Jama'a da Sufuri da Tsadar Rayuwa a Kano da Kaduna da Abuja

Gabatarwa

Ƙaura daga gari zuwa gari tsohuwar al'ada ce ga Bahaushe. Fataucin goro ya kai shi Gwanja, neman ilimi ya kai shi Barno, tafiya aikin hajji ta ƙasa kuwa ta bar zuriyarsa a Sudan har yau. A wannan zamani ma ɗalibin da ya kammala hidimar ƙasa, da ma'aikacin da ke neman canjin wurin aiki, da ƙaramin ɗan kasuwa, duk suna fuskantar tambaya ɗaya, watau a wane gari za su kafa turke. Wannan maƙala za ta dubi ma'aunai uku da akan yi amfani da su wajen wannan zaɓi: irin jama'ar gari, da hanyoyin sufuri, da tsadar rayuwa. Za a ɗauki Kano da Kaduna da Abuja a matsayin misali, domin a nuna cewa ma'aunan nan a ɗaure suke da juna, kuma wanda ya auna ɗaya ya bar biyu ya yi awon banza.

Yadda Magabata Suka Auna Gari

Kafin ayari ya tashi, madugu yakan nemi sanin abu uku. Na farko, wane ne zai sauke su in sun isa? Na biyu, yaya lafiyar hanya, kuma nawa za a biya na fito da kuɗin ƙasa? Na uku, shin ribar kaya za ta rufe kuɗin guzuri da na masauki? Amsar tambaya ta farko ita ta haifar da zango, inda fatoma ke ba baƙo ɗaki, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya masa in rigima ta taso. Unguwar Sabo ta Badun, wadda aka kafa a 1916, misali ce, kuma Abner Cohen ya yi nazarin tsarin masu gida a cikinta a littafinsa na 1969. Haka nan zangon Kumasi da Sabon Zango na Ankara. In aka lura, tambayoyin madugu su ne dai ma'aunan yau. Shi ya sa Hausawa ke cewa da ɗan gari akan ci gari.

Jama'ar Gari

Akan ce gari yana da jama'a iri-iri in ya tara ƙabilu da harsuna da addinai. Amma yawan ƙabilu kaɗai bai isa shaida ba, sai an dubi yadda suke zaune da juna.

Kano ta daɗe da karɓar baƙi, kuma sunayen unguwanninta sun isa hujja: Tudun Nufawa, da Agadasawa, da Zangon Barebari, da Ayagi ta Yarbawa, da Dandalin Turawa inda Larabawan arewacin Afirka suka zauna. Waɗannan baƙi sun narke cikin gari, jikokinsu sun zama Kanawa. Bayan isowar jirgin ƙasa a 1911 sai Turawan mulki suka keɓe Sabon Gari a wajen ganuwa domin mutanen kudu. Saboda haka Kano tana da tsarin zama iri biyu: na narkewa ga wanda ya ɗauki harshe da addinin gari, da na keɓewa ga wanda ya riƙe nasa.

Kaduna kuwa gari ne da mulki ya kafa, ta gaji Zungeru a matsayin hedkwatar Arewa a 1917. Aikin gwamnati da bariki da masaƙun Kakuri suka tara mata mutane daga kowace kusurwa, har Hausa ta zama harshen da ya haɗa Bajju da Bagwari da Banufe da Bayarabe. Sai dai rikice-rikicen 2000 da 2002 sun sa mutane da yawa sun sauya unguwa, Musulmi suka fi yawa a arewacin kogi, Kirista suka fi yawa a kudancinsa. Mai shirin komawa Kaduna, ashe, unguwa yake zaɓa tun kafin ya zaɓi gida.

Abuja ita ce ƙaramarsu. Gwamnatin Murtala Muhammad ta kafa dokar samar da ita a 1976, aka mai da fadar gwamnati can a 1991. Ɗaya daga cikin dalilan zaɓenta shi ne tana tsakiyar ƙasa, a yankin da ba na ɗaya daga cikin manyan ƙabilu uku ba, ko da yake Gwarawa da wasunsu suna wurin tun fil azal. A Abuja ba a cika tambayar mutum asalinsa kafin a ba shi haya ba, aljihunsa ake tambaya. Abin da ya raba Maitama da Nyanya shi ne wadata.

Sufuri

A nan ne bambancin garuruwan ya fi fitowa fili. A Kano an hana achaɓa a 2013, A Daidaita Sahu ya gaje shi, kuma kusan babu lungun da ba ya shiga. Akwai cunkoso, musamman a kewayen Kantin Kwari da kasuwar Sabon Gari, amma mai ƙaramin ƙarfi yana iya samun ɗaki kusa da wurin sana'arsa.

Abuja kuwa an tsara ta ne da faffaɗan tituna da unguwanni masu nisa da juna, tsarin da ya fi dacewa da mai motar kansa. An hana achaɓa a tsakiyar birnin a 2006. Ƙananan ma'aikata da yawa suna kwana a Kubwa da Nyanya da Karu, wasu ma a Mararaba ta Jihar Nasarawa ko Suleja ta Jihar Neja. Wanda ya taɓa bin hanyar Keffi da sanyin safiya ya san cewa mutanen nan sukan bar gida da asuba, su dawo bayan isha'i. Uban da ke wannan zirga-zirga ba ya ganin 'ya'yansa a farke sai ranar Asabar da Lahadi.

Jirgin ƙasan da aka buɗe a 2016 tsakanin Idu da Rigasa, mai nisan kimanin kilomita 186, ya ba wasu damar ajiye iyali a Kaduna su yi aiki a Abuja. Harin da aka kai masa a watan Maris na 2022, wanda ya tsai da shi har Disambar shekarar, ya nuna cewa tambayar madugu a kan lafiyar hanya ba ta tsufa ba.

Tsadar Rayuwa

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauki kuɗin haya a matsayin ma'aunin tsada. Gaskiya ne haya babbar ɗawainiya ce, tun da yake a manyan garuruwa akan nemi kuɗin shekara guda gaba ɗaya, ga kuma la'adar dillali. Amma gida mai araha a nesa da wurin aiki bashi ne da ake biya kullum a tashar mota. Mu ƙaddara ma'aikaci yana kashe Naira 2,000 kowace rana zuwa da dawowa. A kwanakin aiki 22 ya kashe 44,000, a shekara kuwa 528,000. In aka tuna cewa mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a 2024 Naira 70,000 ne, za a ga abin da ya rage na cefane. Janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 ya ƙara wa wannan lissafi nauyi, domin farashin lita ya ninka fiye da sau biyu cikin 'yan kwanaki. Lalle araha ba ta ado.

Ta fuskar abinci Kano tana da sa'a, domin kasuwar hatsi ta Dawanau tana bakinta, ga kuma noman rani na Kadawa da Kura. Sa'an nan akwai ɗawainiyoyin da ba sa fitowa a takardar haya: ruwan 'yan garuwa, da man janareta, da kuɗin makarantar yara.

Akwai kuma wani kuɗi da Bahaushe ba ya iya kauce masa, watau kuɗin zumunci. Salla biyu a shekara, da biki, da suna, da ta'aziyya, da dubiyar iyaye, duk tafiya suke nema. Bakatsinen da ya zauna a Kano yana iya zuwa jana'iza ya dawo a yini guda, wanda ke Ikko kuwa sai ya yi asarar kwanaki da dukiya, ko ya yi ta aika haƙuri har a ce ya yar da gida. In masu iya magana sun ce garin masoyi ba ya nisa, direban mota bai yarda da wannan magana ba.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa kowane gari yana bayarwa da hannu ɗaya, yana karɓa da ɗaya. Kano tana da sauƙin abinci da sufuri, amma kasuwarta sai mai jimiri, tun da kirarinta ya ce ko da me ka zo an fi ka. Kaduna tana da matsakaiciyar tsada da jama'a iri-iri, sai dai zaɓen unguwa yana neman natsuwa. Abuja tana da ayyukan ofis da zaman ba-ruwan-kowa, amma nisa yana cinye albashi. Abin da ya kamaci mai niyyar ƙaura shi ne ya haɗa kuɗin haya da na mota da na zumunci su zama jimla ɗaya, ya san wanda zai sauke shi, ya kuma je ya kwana a unguwar da yake so, ya ga safiyarta da darenta, ya tambayi halinta da damina, domin hangen Dala ba shiga birni ba ne. Muna fata wasu ɗalibai za su faɗaɗa wannan nazari zuwa Sakkwato da Jos da Maraɗi.