Tsami da Ɓawon Haƙori

Ɗalibi, jiƙa ƙwai cikin ruwan lemon tsami na 'yan kwanaki. Za ka tarar ɓawonsa ya yi laushi. Irin wannan ɓarna ce tsami ke yi wa inamel, wato farin ɓawon da ya lulluɓe haƙori. Babu abin da ya fi shi tauri a jikin ɗan Adam, amma in ya zaizaye ba ya sake tsirowa.

Da ma'aunin pH ake auna tsami, kuma raguwar lamba na nufin ƙaruwar tsami. Inamel yakan fara narkewa a wajen 5.5. Don haka likitocin haƙori ke shafa wani irin fenti mai sinadarin fuloraid, kamar Duraphat da aka samar a Jamus cikin shekarun 1960. Fuloraid kan ratsa ɓawon, ya sa ya jure har wajen 4.5.

Sai dai fa lemon kwalba irin na kola yana wajen 2.5. Mai wuni yana kurɓar lemo ko zoɓo, fenti kaɗai ba zai cece shi ba. A shanye lokaci guda, a kurkure baki da ruwa, a jinkirta buroshi ko asuwaki rabin sa'a, yawu ya gama aikinsa.