Ladubban Tuntuɓar Mai Saye Bayan An Ba Shi Farashi

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya halatta ciniki ya haramta riba. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, darasinmu na wannan mako ya shafi 'yan kasuwa da 'yan kwangila da masu sana'ar hannu. Sau da yawa mutum yakan nemi a gaya masa kuɗin kaya ko na aiki, a rubuta masa farashi a aika masa, sa'an nan a ji shiru. To, shin ya halatta mai kaya ya bi sawunsa ya tuntuɓe shi? In ya halatta, ina iyakarsa?

Amsa ita ce ya halatta, domin neman halali ne, kuma shirun mai saye ba ya nuna ya ƙi. Wataƙila mantuwa ce, wataƙila yana jiran kuɗi, ko kuwa akwai abin da bai fahimta ba a takardar. Amma ma'aunin al'amarin duka yana cikin Suratun Nisa'i aya ta 29, inda Allah ya hana cin dukiyar juna da ɓarna, ya shar'anta cewa fatauci ya kasance bisa yardar ɓangarorin biyu. Saboda haka duk tuntuɓar da za ta ƙara wa mai saye haske har ya yarda da kansa, abin yabo ce. Wadda kuwa za ta ƙwace yardarsa ta hanyar ƙarya ko matsi, abin zargi ce.

Abu na farko, mai kaya ya san nauyin maganar da ya riga ya aika. Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya bayyana a cikin Risala cewa ciniki yana ƙulluwa da furuci ko da masu cinikin ba su rabu ba. Har ila yau Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1990, ta yanke cewa wanda ya aika wa wani farashi ta hanyoyin sadarwa na zamani, ya kuma ƙayyade masa lokaci, wajibi ne ya tsaya a kan maganarsa har lokacin ya cika. Misali, mai siminti ya rubuta wa magini kuɗin buhu 200, ya ce ya ba shi kwana bakwai ya yi shawara. Ran kwana na uku sai siminti ya tashi a kasuwa. Ba shi da ikon ya kira maginin ya ce ya janye, balle in maginin ya riga ya karɓi aiki a hannun mai gida bisa wannan lissafi. Hanyar tsira ita ce ya rubuta tun farko ranar da farashin zai ƙare, ya gajarta ta idan kasuwa ba ta zauna ba, ya kuma fayyace ko da kuɗin dako a ciki ko babu.

Abu na biyu shi ne gaskiya. A nan ne ƙafar mutane da yawa take zamewa. Sai ka ji mai kaya ya ce, "Alhaji, wallahi wani ya taya fiye da haka, saboda kai kawai na ajiye," alhali kuwa babu wanda ya taya. Ko ya ce kayan sun kusa ƙarewa, alhali sito a cike yake. Wannan ɗan'uwan najashi ne, watau tayin ƙarya da ake yi don a ruɗi mai saye, wanda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa rantsuwa tana sa haja ta shige, amma tana shafe albarka. Sun kuma ruwaito daga Hakimu ɗan Hizamu cewa masu ciniki in sun yi gaskiya sun bayyana, a sa musu albarka, in sun yi ƙarya sun ɓoye, a shafe ta. In kuwa da gaske ne kayan za su ƙare ko za su tashi, to faɗa masa nasiha ce, kuma akwai lada a cikinta.

Abu na uku shi ne lokaci da yawan tuntuɓa. Suratun Nur aya ta 58 ta ambaci lokuta uku na keɓewa: kafin sallar Asuba, da tsakar rana sa'ad da ake tuɓe tufafi a huta, da bayan sallar Isha'i. Idan an umurci mutanen gida su nemi izini a waɗannan lokuta, ina ga baƙon da yake neman ciniki? Hadisin Abu Musa Al'ash'ari kuma ya koyar da cewa neman izinin shiga sau uku ne, in ba a amsa ba a koma. Hadisin bai zo a kan ciniki ba, amma ladabin da ke cikinsa ya dace da shi ƙwarai. Ka tuntuɓa na farko don ka tabbatar takarda ta isa, na biyu don ka ji ko akwai tambaya, na uku don ka tuna masa ranar da farashi zai ƙare. Bayan wannan ka sakar masa mara. Kada ka tare shi a ƙofar masallaci ko a gaban surukansa don kunya ta sa ya amsa, gama dukiyar Musulmi ba ta halatta sai da daɗin ransa.

Abu na huɗu, idan ka tarar ya karkata ga wani mai kaya. An hana mutum ya yi ciniki a kan cinikin ɗan'uwansa. Imamu Malik ya bayyana a cikin Muwaɗɗa cewa hanin yana aiki ne sa'ad da suka natsu da juna, ciniki ya kusa faɗawa. Muddin mai saye yana zagaya ne yana jin farashi, babu laifi ka yi masa ragi. Amma da zarar sun daidaita, an sallama masa, to kada ka ce ya warware ka ba shi da rahusa, kada kuma ka kushe hajar wancan. Ka yi masa fatan alheri. Buhari ya ruwaito daga Jabir cewa Annabi ya roƙi rahama ga mai sauƙin hali wajen sayarwa da saye da bin bashi, kuma wanda aka rabu da shi cikin mutunci ba ya jin nauyin dawowa gobe.

Allah ya azurta mu da halali, ya tsare harsunanmu daga ƙarya a kasuwa da wajenta, amin. Wassalamu alaikum.